Gujiyar Madam da Kimbar Inna

Shekaranjiya na aiki jikata kasuwar Kalgo ta samo mini madarar shanu, wadda aka tatso da safe ba a bari ta kwana ba. Ta yi ta zagaye har rana ta take, sannan ta dawo mini da garin madara a 'yar leda, ta ce shi kaɗai ta samu. Na karɓa na ajiye, amma tun lokacin hankalina bai kwanta ba. A da, mutum yana ɗakinsa a garin nan yake jin kukan shanu daga fadama, kuma kafin hantsi matan Fulani sun shigo a jere, ƙore a ka, an rufe da faifai, suna kiran masu saye da muryar da har yau nake ji a kunnena. Yanzu rugage sun ja baya. Wasu sun sayar da dabbobin, wasu sun kora su inda suke ganin za su fi samun kwanciyar hankali. Ina tsoron ranar da yaran gidan nan za su girma ba su taɓa jin ƙanshin madara tana tafasa a kan itace ba. Ni kuwa ƙanshin nan ba ya zo mini shi kaɗai. Tare yake zuwa da wata mata Ba'indiya, da wasu kwana uku da na yi ina ganin na ɗauki rai.

Ina 'yar shekara goma sha bakwai aka kai ni Gwandu. Maigidana yana aiki a wata makarantar kwana, shi ke kula da ɗakin da ɗalibai ke gwaje-gwaje, don haka aka ba shi ɗaki biyu a bayan gidajen malamai. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Gwaggo, tana tare da mu. A zamanin nan malamai Indiyawa ba baƙin gani ba ne a makarantun ƙasar nan. Gidan da ke gabanmu na malamin lissafi ne, wani dogo siriri mai tabarau, da matarsa wadda kowa ke kira Madam. Ita kuma Amarya take ce mini, kuma ba ta canza ba har suka bar ƙasar. Hausarta a bakin masu tallar kayan miya ta tsince ta, guntu-guntu, amma muna fahimtar juna. Akwai wani dogonyaro tsakanin gidajenmu, nan take zama da hantsi tana kallona ina daka. Ta ce irin itacen nan ne a ƙofar gidan mahaifinta, kuma idan ya yi fure ta rufe ido, sai ta ji kamar tana gida.

Shekarar da nake ba da labari tana da cikin fari, ya shiga wata takwas, ga bazara ta fara shigowa da zafinta. Abinci ya ƙi zama a cikinta. Ko gwangwanin madara aka fasa a kusa da ita sai ta yi amai. Awarwaron da ke hannunta suka riƙa zamewa har gwiwar hannu, idanunta suka faɗa, ciki kaɗai ya rage a gaba. Likita ya gaya wa mijinta cewa idan ba ta fara ci ba, ba za ta sami ƙarfin haihuwa ba. Muna ganinsa yana dawowa daga aji tsakar rana ya leƙa ta, ya fito yana goge tabarau da gefen riga. Gwaggo takan dama kunun tsamiya ta ba ni in kai, Madam ta yi cokali biyu don kunya ta ajiye.

Wata safiya ina shara sai na ji ta kira ni daga taga.

"Amarya! Ni so gujiya."

Na jefar da tsintsiya don murna. A wajenmu gujiya ita ce gyaɗa, kuma muna da ita a buhu. Nan da nan na soya da rairayi, na murje, na kai mata a faranti da zafinta. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta fashe da dariya, dariyar kuma ta juye kuka. Na tsaya ban san laifin da na yi ba, sai da mijinta ya fito ya yi mini bayani, don shi Hausarsa ta fi tata. Ya ce a ƙasarsu, idan sanyi ya wuce itatuwa suka fara fure, akwai bikin da suke kira Holi, mutane su fito suna shafa wa juna launi, kuma saura kwana huɗu. A gidansu Madam, mahaifiyarta ce ke yin wani abin zaƙi da su ma suke kira gujiya: fulawa ce ake murzawa, a zuba mata daskararriyar madara da sukari a ciki, a naɗe kamar jinjirin wata, a soya da man shanu. Sai kuma wani abin sha mai sanyi, tandai, na madara da 'ya'yan itace da kayan ƙanshi. Ya ce kwana biyu ke nan ba ta maganar komai sai su. Amma sai da madara sabuwa, mai yawa, a dafa ta har ta koma kamar tuwo.

To a nan matsalar take. Da bazara shanun Gwandu duk sun bi ruwa zuwa fadama, ɗan abin da ake kawowa gari nono ne mai tsami, shi ma an sirka shi da ruwan kuka. Bakina ya riga tunanina, na ce a Kalgo akwai, don shanun suna nan kusa da mu. Sai da na koma gida tsoro ya kama ni. Bikin addininsu ne, ni kuwa 'yar Musulmi, sabuwar amarya a garin malamai. Me za a ce idan aka ji? Na durƙusa gaban Gwaggo na gaya mata yadda muka yi. Ta ajiye carbi ta dube ni.

"Bauta za ki yi masu ko girki?"

"Girki, Gwaggo."

"To maƙwabciya ta, ciki gare ta, ba ta cin abinci. Mi kike jira? In mijinki ya dawo ni ka gaya mai. Gobe ki tahi."

Washegari na hau babbar mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na sami wata zuwa Kalgo. Innata sana'arta ke nan, alkaki da nakiya da dubulan na gara, duk amaryar da za a kai a unguwarmu da hannunta a cikin kayan. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta girgiza kai, ta ce a zafin nan kafin in kai Birnin Kebbi madara ta tsinke, a nan za mu dafa ta in tafi da ita daskararriya. Baffana ya hau keke da sassafe ya nufi wata ruga wajen Dangoma, kafin hantsi matan rugar suka biyo shi da ƙwarya huɗu, kumfa bai kwanta ba. Muka juye a babbar tukunyar da Inna ke dafa zumar alkaki, muka hura itacen kirya. Yaran yanzu da ke murɗa risho ko gas ba su san wannan aiki ba. Tun hantsi nake tsaye da muciya, hayaƙi na cin idona, madarar tana tasowa ina kwantar da ita, Inna na gefe tana tsinke aya tana faɗin, "Kankare gindin, kar ki bari ta kama. In ta yi ƙauri aikin banza munka yi." Tun tana fara tana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, har ta yi kauri ta koma ɓul-ɓul a hankali, launinta ya juya kamar na man shanu. Sai la'asar muka sauke. Ƙwarya huɗun nan da ƙyar suka cika kwanon sha ɗaya. Inna ta haɗa mini da aya da 'ya'yan kankana da masoro, don na gaya mata abin shan yana son ɗan yaji. Sannan ta ba ni wani ƙulli daban na kayan yaji, da citta da kanumfari da kimba a ciki, ta ce wannan nawa ne, na miya da kunu a ɗakina.

Washegari a hanyar komawa taya ta fashe mana wajen Dalijan. Muka zauna gindin wata tsamiya, rana tana dukan ƙasa, ni ko sai jiƙa tsumma nake da ɗan ruwan gorata ina naɗe kwanon. Kowane ɗan lokaci sai na ɗaga murfi na sansana, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko magani ne na ɗauko. Na ce mata kusan haka ne. Da na isa Gwandu na miƙa wa Madam, ta laƙato da yatsa ta sa a baki, ta lumshe ido. Ta haɗiye, kuma bai dawo ba.

Ranar bikin tun da safe muka fara. Na ɗora mata kujera 'yar tsugune a inuwar dogonyaro, ni ke murza fulawa da kwalba, ita ke zuba madarar tana naɗe bakin da 'yan yatsunta, ƙananan ninki kamar kitso. Ta buɗe wani ɗan gwangwani da mahaifiyarta ta ba ta ranar da za ta taho, da wasu koraye-korayen 'ya'ya a ciki masu ƙanshi, saura kaɗan, ta ɓare ta daka ta barbaɗa. Da man shanu ya ɗau zafi muka fara sakawa, ƙanshi ya cika wurin, har Gwaggo ta fito da mayafinta ta zauna kusa. Abin shan kuwa ni aka bar wa dakansa, a turmina, a tsakar gidanmu. Na daka jiƙaƙƙiyar aya da 'ya'yan kankana da masoro, na ɗanɗana, sai na ji shi lami a bakina. Ƙullin Inna yana nan a gefe. Hannuna ya tafi da kansa yadda na saba gani a gidanmu, na karya rabin kimba na jefa, na ci gaba da daka. Ban yi tunanin komai ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Muka tace, muka dama da sauran madarar da sukari, muka sa kwanon a cikin randa ya yi sanyi.

Madam ta ci gujiya huɗu, ta sha kofi uku. Mijinta yana tsaye yana kallonta, ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ta kwaɓa gangamau a ɗan faranti, ta dangwalo ta shafa mini a kumatu, ta kama hannun Gwaggo ta ɗiga mata a baya. Na ɗauka Gwaggo za ta yi faɗa, sai na ga tana dariya tana cewa, "Wagga ɗiya ta warke." Tun da na zo Gwandu ban ga Madam cikin farin ciki kamar na wannan safiya ba.

Bayan azahar muka ji ihu. Gwaggo ta riga ni isa. Faya ta fashe, ga jini, kuma da sauran wata guda cur a lissafinsu. Aka kawo motar makaranta aka kwantar da ita a baya, mijinta ya riƙe mata kai, suka nufi asibiti a Birnin Kebbi. Ina ganin gangamau a goshinta lokacin da aka rufe ƙofar.

Muka dawo gida. Gwaggo ta ga turmin da ban wanke ba, ta jawo shi za ta kife, sai ta tsaya. Ta ɗaga taɓarya ta kai hanci.

"Wa ya sa kimba cikin wanga turmi?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Cikin abin da mai ciki ta sha?"

Na gyaɗa kai. Ta jingine taɓaryar a hankali.

"Ɗiyata, kimba ta maijego ta. Ba a ba mai ciki ita, naƙuda taka tadawa. Innarki ba ta taɓa gaya miki ba?"

Inna kam ta gaya mini. Na sha jin manyan mata suna faɗi a gidan suna. A lokacin ne maganar ta dawo mini, na zauna a ƙasa.

Yau da wani zai shiga asibiti, kafin a gama ɗaura masa ruwa labari ya zagaye dangi ta waya, har da hoto. A lokacin babu wannan. Sai dai a jira wanda ya tafi ya dawo. Kwana uku gidan malamin lissafi yana kulle, sauran gujiya tana ɗakina a rufe da faifai, ba na iya ko kallonta. Ina daka, in na ji ƙarar mota daga bakin ƙofar makaranta sai in tsaya da taɓarya a sama har ƙarar ta wuce. Na ƙona tuwo, na zuba gishiri sau biyu a miya. Gangamau ɗin kumatuna na wanke da sabulu, na goge da soso, bai fita duka ba, duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni mene ne a fuskata. Na yi ta roƙon Allah a kowace sujada ya bar matar nan da abin da ke cikinta, ina cewa ya Allah ka san ban yi da nufi ba. Wani lokaci kuma sai in ce ko madarar ce ta lalace a hanyar Dalijan hancina bai ji ba. Ko ta ina na juya, ni ce.

A rana ta biyu na gaya wa maigidana.

"Malam, in ta mutu fa?" na ce.

"Rai a hannun Allah yake. Amma kada ki gaya wa kowa. Baƙi ne, gwamnati ta kawo su. In magana ta fita, ban san inda za ta tsaya ba, har aikina."

Gwaggo tana bakin ƙofa, ashe tana ji. Ta ce, "Ba za ta yi shela ba. Amma mai abin, in Allah ya tashe ta, za ta ji daga bakin wadda ta yi. Ba a zama maƙwabtaka da irin wanga abu a ciki." Ni kuwa tsorona ya zama biyu: tsoron kada ta dawo, da tsoron ranar da za ta dawo.

A rana ta uku da hantsi motar makaranta ta tsaya gindin dogonyaro. Malamin lissafi ya fito shi kaɗai, rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, gemu ya tsiro masa. Da na ga babu kowa a bayansa sai na dafa bango. Gwaggo ce ta tare shi.

"Malam, lahiya?"

"Mace," ya ce. "Ƙarama ƙwarai. Amma tana kuka, tana shan nono."

"Uwar fa?"

"Ta sha wuya, an ƙara mata jini. Yanzu tana zaune. Ta ce in zo in karɓo sauran gujiya wajen Amarya."

Gwaggo ta yi hamdala da ƙarfi. Na shiga na ɗauko kwanon na miƙa masa. Ya karɓa ya yi godiya ya tafi.

Sai bayan mako biyu aka sallamo su. Da yamma Gwaggo ta yafa mayafi ta ce in wuce gaba. Muka iske Madam a kan gado, ta jingina da matashi, jaririyar a gefenta cikin farin zane. Na durƙusa a bakin gadon, na gaya mata duka: ƙullin Inna, da rabin kimbar, da abin da manyanmu ke faɗi a kanta. Ina magana ina kuka, ban san ko rabin Hausar ta shige ta ba. Ta bari na gama.

"Amarya," ta ce, "ni sani."

Na ɗaga kai.

"Kurɓa ɗaya, ni ji. Ɗaci kaɗan, kamar hayaƙi. Ba na Mama ba. Amma daɗi. Ni sha uku."

"Likita bai ce shi ne ya jawo ba?"

"Likita ce, yarinya so fita, ta fita. Ya ce da ba ni ci abinci ba, ba ƙarfi." Ta ɗauko jaririyar ta ɗora mini a hannu. "Riƙe. Ke kawo madara."

Ba ta kai nauyin mudun gero ba. Yatsunta kamar tsinken tsintsiya, gashi baƙi ƙirin ya kwanta a kanta, tana numfashi da sauri-sauri kamar ɗan tsuntsu. Har yau da nake tsohuwa ban san gaskiyar abin ba, ko kimbar ce, ko lokaci ne ya yi. Babu wanda ya taɓa tabbatar mini, kuma bayan damina biyu suka koma ƙasarsu, wasiƙa ɗaya ta zo, daga nan shiru. Idan tana raye, yarinyar nan yanzu ta isa aurar da 'ya'ya.

Gwaggo ta bar ni na yi kukana ya ishe ni, sannan ta karɓi jaririyar ta duba cibiyarta, ta dubi Madam sama da ƙasa, ta tambaya wa ke yi mata wankan jego. Aka ce babu. Ta juyo wajena.

"To tashi ki hura wuta ki ɗora ruwa. Ki ɗauko sauran kimbar nan ta Innarki, yanzu na lokacinta ya yi."

Kwana arba'in Gwaggo tana yi wa Ba'indiya wanka da ganyen dogonyaro, ni kuma ina dama mata kunun kanwa. Kowace safiya kafin in zuba komai a turmi, sai na tsallaka gidanta, na buɗe tafin hannuna a gabanta, na faɗa mata sunan kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta gyaɗa kai sannan nake komawa in daka.